Injin da Arlo Ya Yi wa Yayarsa

A garin nan namu na Dakota ta Arewa, da zarar Nuwamba ya kama aka buɗe farautar barewa, babu gidan da ba ya tashi da warin tafarnuwa da hayaƙi. Kowa na yin soseji, wato niƙaƙƙen naman da ake cuɗawa da kayan yaji, a ɗura a hanji, a banda. Amma in ana zancen wanda ya fi na kowa, suna ɗaya za ka ji. Sosejin Arlo Feist. Haka ake cewa a bakin coci, haka ake cewa a shagon abincin dabbobi, shi ma Arlon haka yake cewa yana shafa tumbi. Alhali hannun mutumin nan bai taɓa haɗuwa da naman ba sai bayan ya nuna an ɗora masa a faranti.

Yayarsa Verna ce mai aikin. Ba ta yi aure ba, ta haura sittin, tana kwana a ɗakin ƙarƙashin gidan, ita da injin wanki. Arlo da ɗansa Brant, wanda shi ma magidanci ne da 'ya'yansa, su ne masu harbi. Su harbo barewa, su feɗe, su ɗauki hoto suna riƙe da ƙaho, daga nan nasu ya ƙare. Sauran na Verna ne, a cikin garejin da ba a kunna masa abin ɗumama, domin in ɗumi ya taɓa naman kitsen sai ya narke, soseji ya fito yana marmashewa.

A tsakiyar garejin kwamin cuɗawa yake. Kwamin ƙarfe ne na tun zamanin iyayensu, da muciyoyin ƙarfe jere a cikinsa, da murfi, da mariƙi a gefe. Verna za ta zuba naman barewa da kitsen shanu, gishiri, masoro, tafarnuwa, ta kwara ruwan ƙanƙara, ta kama mariƙin da hannu biyu ta yi ta juyawa har naman ya yi danƙo. Sannan ta saki mariƙin, muciyoyin su tsaya, ta ɗaga murfi, ta kai hannun dama ta ɗebo curi ta kifa tafinta ƙasa. In curin ya manne bai faɗo ba, ya yi. In ya faɗo, da sauran aiki. Haka uwarsu ta yi, haka kowace mace a yankin take yi, ba wanda ya san wata hanyar gwaji sai wannan.

Abu ɗaya Verna take da shi a duniya wanda ba na gidan Arlo ba ne. Ranar Lahadi ita ke buga piyano a cocinmu. A nan kaɗai ake ce mata Miss Feist, a nan kaɗai take ɗaga hannu mutane su jira ta. Duk daren Asabar takan jiƙa hannun damanta a ruwan ɗumi, ta shafa masa mai, ta yi ta murza yatsun don su saki kafin safiya.

A bana kafaɗarta ta ƙi. Ta faɗa a wajen karin kumallo, a hankali, kamar mai neman gafara.

"Arlo, kafaɗar nan ba ta ɗaguwa. Ko Brant zai riƙa kama mini juyin?"

Arlo ya ajiye kofin kofi. "Haba Yaya. Brant da ke fita daji tun duhu? Mama ta juya kwamin nan har ta tsufa, ba mu taɓa jin ta ce uffan ba."

"Mama ta mutu ba ta iya taje kanta," in ji Verna.

Darlene, matar Arlo, ta yi 'yar dariya tana duban farcenta da aka shafa wa ja. "Yaya Verna ke nan, ba a raba ki da baƙar magana da sassafe. Ni wallahi da ina iya jure warin tafarnuwa da na kama miki. Kin san yadda yake sa mini ciwon kai."

Ciwon kan Darlene ciwo ne mai ladabi, ba ya zuwa sai lokacin aiki. In soseji ya fito daga ɗakin banda, ita ce ke ɗaure shi da jan zare ta kai wa maƙwabta, tafarnuwar ba ta ce mata komai.

Kwana biyu bayan wannan magana aka ji ƙarar zarto da walda daga gareji. Arlo ya je bayan rumbu ya ciro injin tsohuwar na'urar tura hatsi, mai ƙarfin da zai iya jan ɗan maraƙi. Ya yanke mariƙin kwamin ya jefar. A madadinsa ya liƙa faranti mai haƙora irin na keke, ya ɗaura sarƙa daga nan zuwa injin. Ƙarfen da ya kafa don riƙe injin ya tokare wurin da murfin ke zama, sai kawai ya cire murfin ya rataye shi a ƙusa. Wayar wutar kuma ba ta da makunni, ya ja ta ya soka a soket ɗin da ke bayan babbar firiza, can ɗaya kusurwar.

Bai kira Verna ba sai da ya kira maƙwabcinsu Leland Hulm, don alheri in ba shaida ai ya tashi a banza.

"Yaya, zo ki ga abin da ƙaninki ya yi miki!" ya ce yana goge hannu da tsumma. "Daga yau kin huta. Leland, ka shaida, ba wanda zai ce ba na kula da 'yar'uwata."

Ya zagaya bayan firiza ya soka wayar. Injin ya yi gurnani, sarƙa ta ɗauka, muciyoyin suka fara juyi a hankali, da nauyi, ba sa ko tangarɗa. Leland ya yi fito. Arlo ya ɗauki guntun katako ya zura tsakanin muciyoyin don nuna bajinta, katakon ya karye ƙaras, injin ko gezau bai yi ba. Mazan suka kwashe da dariya.

Verna ba ta yi dariya ba. Ta dubi guntayen katakon, ta dubi murfin da ke rataye.

"Ta ina ake kashe shi?"

"Ga soket can."

"Bayan firiza?"

"To, Yaya, ƙafarki ce ke ciwo ko kafaɗa?"

Leland ya sake dariya har da tari. Brant, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya sosa ƙeya. "Baba, ai akwai makunnin nan da ake takawa da ƙafa, in ka ɗaga ƙafa sai inji ya tsaya. Da ka sa mata. Murfin ma ɗan yanka kawai yake so ya zauna."

"Bayan farauta," in ji Arlo. "Yanzu ina lokacin wannan? Gwaggonka ba yarinya ba ce, ta san wuta ta san ruwa."

Brant ya sunkuyar da kai. Haka Brant yake, mutumin kirki ne na jimla ɗaya. Yakan faɗi gaskiya sau ɗaya don ya samu na faɗa daga baya, sai ya koma duban takalminsa.

Kafin Leland ya fita Arlo ya dafa kafaɗarsa. "Kawo barewarka nan mana, me za ka kai wa mahauta? Ka gaya wa surukinka ma ya kawo tasa. Yanzu muna da inji."

Nan aka ga wanda aka yi wa injin. Kafin mako ya zagayo, barewa ta cika igiyoyin rumbu, ta Leland, ta surukinsa, ta mutanen da Arlo ke farauta a gonakinsu, har da ta wani da suka haɗu a gidan mai. Kowa ya zo ya ajiye ya ce, Arlo, kai ne gwani. Arlo ya ce ai ba komai, zumunci ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, sai dai shi Arlo yabo yake kwasa, kuma bai taɓa ƙoshi da shi ba.

Gaskiya ne kafaɗar Verna ta huta da juyi. Amma inji ba ya yanka nama, ba ya niƙa, ba ya wanke hanji, ba ya ɗaukar bokiti. Kuma yana da halinsa. Yana cuɗa tsakiya ya bar kusurwoyi, sai an sa hannu an kankaro naman da ya maƙale an tura shi ciki. Ga gwajin danƙo, wanda dole a yi shi a kowane zubi, wani lokaci sau da yawa. Da fari Verna na bin ƙa'ida. Ta zagaya bayan firiza, ta durƙusa, ta zare waya, ta dawo ta kankare ta gwada, ta koma ta durƙusa ta soka. Gwiwoyinta suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Rannan Arlo ya shigo ɗaukar giya a firiji ya tarar da ita a durƙushe.

"Me nake ji haka, kunna kashe, kunna kashe? Yaya, za ki ƙona mini inji! Irin wannan ba a yi masa haka. Ga nama na ɗumama kina yawo."

"To ta yaya zan gwada?"

"Ki ɗebo mana yana juyawa. Dubi yadda yake tafiya a hankali, ko kunkuru ya fi shi sauri. Ki bari muciya ta wuce, ki cafko, shi ke nan."

"Nuna mini," in ji Verna.

Arlo ya dubi hannunsa mai riƙe da kwalba. "Hannuna da datti," ya ce, ya fice.

Haka ta koyi cafka. Ta tsaya ta ƙirga juyin da ido, muciya ta wuce, ta zura hannu ta fizgo. Da safe abin na yiwuwa. Amma naman sanyinsa na ƙanƙara ne, in rana ta yi tsaka yatsunta sun yi fari fat, ba ta jin su, sai ta duba da ido kafin ta san ko ta riƙe abu ko ba ta riƙe ba. Ta gwada safar hannu ta roba, Arlo ya ce ai da safa ba a jin danƙo, kuma wannan kam gaskiyarsa ce.

Lahadin farko ta yi kuskure a waƙar buɗewa. Ɗan yatsanta ya faɗa inda bai kamata ba, sautin ya fito a karkace, wata yarinya a layin gaba ta juyo. Verna ta ji kunya har cikin ƙashinta. Ta dawo gida ta zauna a bakin gadonta da hannun a cinya, tana lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Laraba muciya ta kama bakin hannun rigar sanyinta. Ta ji an ja ta, ta fizge da duk ƙarfinta, ulun ya yage tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ta tsaya tana kallon jan zaren yana naɗewa cikin naman. Ta kashe injin, ta tsince zaren tas, sannan ta hau sama ta samu Darlene a kicin tana yanka zaren ɗaure kyauta.

"Dubi," ta ce, ta miƙa hannun.

Darlene ta dafe ƙirji. "Wayyo, rigar da na ba ki bara! Ba dai ulu ya shiga naman Leland ba?"

"Na tsince. Darlene, ki yi wa mijinki magana. Ni ba ya jin tawa. Murfin nan da makunni, aikin rabin yini ne."

"Ai kin san Baban Brant, in aka matsa masa sai ya ƙara taurin kai. Kuma fa, Yaya Verna, kar ki ga na faɗa, mutumin nan ya kwana biyu yana walda saboda ke. In kika yi ta kushe abin, sai ya ga kamar ba ki gode ba." Ta ja zare ta datse da almakashi. "Ki riƙa naɗe hannun riga mana. Ai abu mai sauƙi ne."

Da yamma Verna ta tari Arlo da kanta a bakin rumbu, yana auna faɗin ƙahon wata barewa.

"Arlo, hannun nan shi kaɗai gare ni. Da shi nake kiɗa."

"Kullum kiɗa, kullum kiɗa. Wa ya ce zai taɓa miki hannu? Nan da mako guda an rufe farauta, zan sa miki murfi, in sa miki makunni, in kina so har da kujera mai laushi. Ki ɗan ƙara haƙuri. Mutane sun ba mu amana, so kike a ce gidan Feist sun karɓi nama sun bar shi ya ruɓe?"

Ta so ta ce ba ita ta karɓa ba. Ta so ta ce ta daina, wanda ya tara ya kwashe. Amma ta tuna ɗakin ƙarƙashin gida, ta tuna ba ta da wani, sai ta haɗiye maganar ta koma gareji. Wanda yake ci a hannun wani ya san iyakar bakinsa, su ma masu gidan sun san ta sani.

Ranar Asabar da tsakar rana abin ya faru. Mazan na waje a bayan motar Brant, sun ƙure rediyo suna sauraron wasan ƙwallo. Verna na kan zubin naman surukin Leland, tun safe hannunta ke cikin sanyi. Ta ga curin kitse ya maƙale a kusurwa. Ba ta tsaya ƙirga juyi ba. Hannun ne ya tafi da kansa, yadda ya saba shekara da shekaru lokacin da sakin mariƙi ke nufin komai ya tsaya. Ba ta ma ji kamun farko ba. Da ido ta ga muciyar ta danne yatsunta a jikin ƙarfen, ta ci gaba da tafiyarta a hankali.

Ta yi ihu. Ta miƙa hannun hagu wajen da mariƙin yake a da, ta damƙo iska. Soket na can bayan firiza. Ta sake ihu, rediyo na ta surutu, sai da ta harbi bokitin ƙarfe ya bugi ƙofa sannan Brant ya leƙo.

Shi ya zare wayar. Amma tsayawar inji ba ta saki hannun ba, kuma ba yadda za a juya muciyoyin baya, tunda mariƙin da zai yi wannan aikin yana cikin tarkacen bayan rumbu. Brant ya rarumo injin yankan ƙarfe.

"Kai, tsaya!" in ji Arlo. "Kada ka yanka mini sandar muciyoyin, kwamin Baba ne! Kwance sarƙar kawai. Ina sifana? Darlene! Ina aka kai mini sifana?"

Verna na tsaye a sunkuye, goshinta a bakin kwamin, tana jin su suna zubar da akwatin kayan aiki a ƙasa suna neman sifanar da ta dace. Sanyin ya fara sakin hannun, ciwon ya iso. Ba ta ƙara yin ihu ba, wani siririn sauti kawai ke fita daga haƙoranta. Da aka kwance sarƙar aka juya muciyar da hannu, Brant ya kalli abin da ya fito sau ɗaya, ya kawar da kai, ya naɗe shi da tawul.

Darlene ta sauko ta tsaya a matakala ta toshe baki. Da ta buɗe bakin, ga abin da ya fito: "Brant, in an tambaye ka a asibiti, ka ce ƙofar rumbu ce ta datse ta. Ka ji ko? In maganar nan ta fita, ba wanda zai ƙara cin komai daga gidan nan."

Brant ya tallabo gwaggonsa suka nufi mota. A bakin ƙofa Verna ta waiwaya, ba don komai ba, sai don al'adar mai aiki da ba ta son barin aiki a buɗe. Ta ga ƙaninta tsaye a kan kwamin da babban cokali da roba. Yana kwashe naman ɗaya gefen yana zubawa a robar, a tsanake.

"Wannan ɓangaren bai taɓa ba," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Naman mutane ne. Ku je, ina nan tafe."

Bai zo ba sai washegari, bayan coci. Ya zo da fure daga shagon asibitin, ya tsaya a ƙarshen gado yana juya hula. Likitoci sun ceci babban yatsa da ɗan ƙaramin. Ukun tsakiya sun tafi.

"Yaya, kin ba mu tsoro," ya ce. "Amma ke ma dai, sau nawa na ce ki kula? Inji ba abin wasa ba ne."

Verna ta dube shi har ya sauke ido. Fada, limamin cocinmu, da ya zo duba ta ya tarar da su a haka, Arlo ya samu wurin fakewa. Ya ja shi gefe, amma ba da nisan da za ta kasa ji ba, ya ce ƙofar rumbun nan ya daɗe yana cewa a yi hankali da ita. Fada ya tambaya ko akwai mai kula da ita in ta fito.

"Haba Fada, ina za ta? Gidana gidanta ne," in ji Arlo. "Ai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ko kunyar karin maganar da ya zaɓa bai ji ba. Fada ya yaba masa, ya ce ba kowane ƙani ne zai riƙe yayarsa haka ba.

Ta dawo gida cikin Disamba da hannu a naɗe. A coci an rufe piyano an ɗora masa tukunyar fure, ana sa waƙoƙi daga wata na'ura da ke fara kowace waƙa kafin mutane su gama tashi. Verna ta je sau ɗaya ta zauna a layin baya. Mata suka yi ta zuwa suna jajanta mata ƙofar rumbu. Wata ma ta ce ta ci sosejin bana a gidan surukin Leland, ya fi na kowace shekara daɗi, lallai injin Arlo ya yi. Verna ta ce ta gode.

Amma da sauran nama cike da firiza, ga Kirsimeti ya matso, ga mutane na tambayar nasu. Darlene ciwon kanta ya tashi. Brant ya ce shi kam ba zai ƙara kusantar abin nan ba, kuma a karo na farko a rayuwarsa ya maimaita magana sau biyu. Ya rage Arlo.

Wata safiya Verna na ɗakinta ta ji ƙarar zarto daga gareji. Ba a daɗe ba ta ji walda, sai 'yar ƙwanƙwasa, sai shiru. Kafin Darlene ta gama dafa abincin rana Arlo ya leƙo matakala fuskarsa na sheƙi.

"Yaya, hau ki gani!"

Ta hau. Murfin ya sauko daga ƙusa, an yi masa 'yar yanka a gefe, ya zauna daram, har da sakata. An rufe sarƙar da gwangwani. A ƙasa ga makunnin takawa, baƙi, sabo. Arlo ya taka, inji ya tashi. Ya ɗaga ƙafa, ya tsaya cak. Ya sake takawa ya sake ɗagawa, yana murmushi kamar yaron da aka saya wa keke. Kunna kashe, kunna kashe, injin bai ƙone ba. A gefe ya jingina wata doguwar muciyar katako da ya sassaƙa don kankare kusurwa, kada hannunsa ya kusanci ko bakin kwamin.

"Kin gani? Yanzu ko jariri ne ba abin da zai same shi. Riga-kafi ya fi magani, Yaya."

Verna ba ta kallon injin. Kwalin da makunnin ya fito daga ciki take kallo, yana yashe a kan teburin aiki. Ƙura ta yi masa lulluɓi, a samansa ga zoben tsatsa inda gwangwanin fenti ya daɗe a zaune.

"Yaushe ka sayo wannan?" ta tambaya.

"Wannan? Ai tun ranar da na sayo sarƙar. Tare na haɗo su." Ya faɗa hankalinsa kwance, yana gyara zaman murfin. "Lokacin sawa ne ban samu ba."

Ta tsaya da hannun a ƙirji. Abin da ta ji ba fushi ba ne kaɗai, har da wata irin ƙyama mai sanyi, irin wadda mutum ke ji in ya ɗaga dutse ya ga abin da ke ƙarƙashi. Duk kwanakin da ta yi tana cafkar nama tsakanin ƙarafa, abin nan yana ajiye a kan kantar garejin, taku kaɗan daga inda take tsaye, a ƙarƙashin gwangwanin fenti. Aikin safiya ɗaya ne. Safiyar ce ba ta samu ba sai da aka zo kan yatsun da Arlo yake ganin suna da daraja.

Irin su Arlo ba sa dukan kowa, ba sa zagi, ba sa korar 'yar'uwa daga gida. Za su rantse suna ƙaunarta, kuma su yarda da rantsuwar. Sai dai a wurinsu jikin mai yi musu aiki kayan gida ne, kamar bokiti, ana amfani da shi har ya fashe, sannan a yi mamakin rashin ƙarkonsa. Garin kuwa ya ci soseji ya suɗe hannu, ya ce Arlo mutumin kirki ne.

Arlo ya ɗaga murfin, ya dubi naman da ya zuba, ya dubi tafinsa mai tsabta. Sanyin naman na tashi har fuskarsa.

"Af, Yaya, tunda kina nan," ya ce. "Ɗan gwada mini danƙon nan mana. Ai na hagun lafiyarsa lau."